Zabibin da Inna Ta Aike Ni

Inna da hannunta ta ɗinka jakar, da ragowar wani farin yadi, ta zura mata igiya a baki. Idonta ya riga ya fara rauni a lokacin, saboda haka ɗinkin ya yi ta karkacewa. Ana gobe zan tashi ta damƙa min ita, ta ce, "Ki ciko min ita da zabibin gonar ƙaninki. Shekara nawa ina roƙonsa yana ce min lokaci bai yi ba. Ke da za ki je da ƙafarki ba zai yi miki wannan wayon ba." Sai ta riƙe hannuna, ta rage murya. "Kuma ki taho min da ranar da zai zo."

A Jidda aka haife mu, ni da shi, a wani gida mai ɗaki biyu a Ruwais. Iyayenmu mutanen Damagaram ne, aikin hajji ya kawo su suka zauna. Ni ce babba, shi ne auta, tsakaninmu shekara tara, a bayana ya girma. Da ya kai munzali aka ce ba zai ci gaba da zama a kan iƙamar Baba ba, wato takardar izinin zamansa, sai ya samo kafili nasa, ɗan ƙasa da zai tsaya masa. Aka yi ta nema ba a dace ba. Ƙarshe ya tattara ya tafi Nijar, ƙasar da bai taɓa gani ba sai a bangon fasfo. Can ya koyi Faransanci, daga can ya haura Faransa. Baba ya rasu ba ya nan. A shekarar da nake ba da labari, rabonsa da Jidda shekara goma sha ɗaya. Takardunsa sun daɗe da daidaita, babu abin da zai hana shi zuwa umra ya ga uwarsa, amma kullum aka yi waya maganar ɗaya ce, in Allah Ya yarda baɗi.

Abin da muka sani game da aikinsa shi ne a gonar inabi yake. Wannan kuwa Inna ba ta bar kowa ya huta da shi ba. Duk wadda ta shigo gidanmu sai ta ji: "Autana a gonar inabi yake aiki, irin wadda Allah Ya ambata a Alƙur'ani." Inna ta yi shekara talatin tana kasa gyaɗa da zoɓo da busassun kaya a gefen kasuwar Bab Makka kafin gwiwa ta zaunar da ita. Ta san zabibi ciki da bai. Ka ba ta ƙwaya ɗaya ta tauna, za ta gaya maka na Yaman ne ko na Afgan, har ma da shagon da ka saya.

Ni kuwa abin da ya kai ni Faransa girki ne. Akwai wani gida a Bagdadiyya da na daɗe ina yi musu abinci, kuma tsohon gidan ba ya cin na kowa sai nawa. Da za a kai shi asibiti a Paris a ƙarshen zafi, Hajiyarsa ta ce dole da ni. Sai da muka yi sati uku kafin na yi ƙarfin halin roƙonta kwana biyu. Ta ce, "Yalla, je ki ga ɗan'uwanki, amma Lahadi da yamma ina son ganinki." Na dafa abin da zai ishe su, na hau jirgin ƙasa ranar Asabar da sassafe zuwa yankin da suke kira Burgonyi.

A tasha na wuce shi ban gane shi ba. Ina neman wani siririn saurayi, sai ga wani mutum mai faɗin kafaɗa da furfura a gemu yana cewa, "Yaya." Na juyo. Ban san lokacin da na kai masa duka a kafaɗa ba, na ce, "Kai, wa ya ba ka izinin tsufa?" Ya yi dariya, dariyar dai ita ce, ba ta sake ba. Na riƙe hannunsa na kasa saki. Tafin ya yi kanta, farcensa duk sun yi baƙi a gefe. Na miƙa masa ƙullin Inna, dabino da yaji da turaren wuta da asawaki. Ya kai ƙullin hancinsa tun bai kwance ba, ya daɗe a haka.

Muka shiga wata 'yar farar motar ɗaukar kaya ta masu gonar. Ya ce yau da gobe ba shi da aiki, zai zaga da ni in ga ƙauyuka. Muna fita gari sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Tudu bayan tudu, tun daga bakin titi har inda ido ya tsaya, duk inabi ne, an jera shi layi-layi kamar kitso. Ni da na saba da inabin Ɗa'ifa, wanda Baba yake tsayawa ya saya mana a kwali a gefen hanya in mun hau dutse shan iska, ban taɓa zaton akwai ƙasar da ake shuka shi kamar gero ba. Na ce, "Ma sha Allah. Wa zai cinye wannan duka?" Sai ya nuna min wata hasumiyar coci can nesa, ya ce can za mu fara.

Ƙauyukan ƙanana ne, gidajen dutse, tagogi masu ƙyauren katako, kowace taga da tukunyar fure. Tituna shiru, sai kyanwa a kan katanga da tsofaffi biyu ko uku a bakin wurin shan gahawa. Duk inda muka tsaya sai wani ya ɗaga masa hannu. Wata mai gidan burodi ta fito har waje ta gaishe shi, ya gaya mata ni yayarsa ce, ta kama hannuna da hannu biyu tana ta magana, ni kuwa ina ta "mersi, mersi", iyakar abin da na iya ke nan. Ya sayo burodi mai zafi da cuku, muka zauna a kan wata gajeriyar katangar dutse muka ci. Iska mai sanyi tana kaɗawa, babu ƙarar na'urar sanyaya ɗaki, babu hon. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na kuma ji haushin jin daɗin, don na fara gane abin da ya riƙe shi.

A bakin kowane layi na ga an shuka wardi. Na ce, "Su ma sun san ado." Ya ce ba ado ba ne kawai, wardi ya fi inabi saurin kamuwa da cuta, in ya fara fari sai a san lokacin feshi ya yi. Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya shiga nuna min wannan itacen ya girme shi, wancan shi ya dasa da hannunsa shekara shida da suka wuce, wannan gefen ya fi shan rana, can ƙasan sanyi yake kwanciya. Yana magana yana shafa ganyen. Yaron da a Jidda ko tukunyar na'ana'a bai taɓa ba wa ruwa ba.

Ganyen kuwa tun a mota nake haɗiyar yawu a kansa. Mu a Jidda a kwalba muke sayensa, cikin ruwan gishiri, mu naɗe shinkafa da nama a ciki, waraƙ inab ke nan, kuma shi ne abincin da auta ya fi so tun yana ƙarami. Ga shi nan ɗanye shar, fal duniya, ba mai ko kallonsa. Na buɗe bakin mayafina na shiga tsinka. Ya yi wuf ya riƙe min hannu. "Yaya, a'a. An yi masa feshi, dubi shuɗin da ke jikinsa. Kuma a nan ba a taɓa gonar mutum." Na zubar ina mita. Sai na tsinki ƙwayar inabi ɗaya na jefa a baki don in huce. 'Yar ƙarama ce, baƙa, fatarta da kauri, cikinta duk iri. Zaƙi kam akwai, amma ba wanda zai sa wannan a faranti ya ba baƙo.

Nan na tuna da jakar Inna. Na duba rufin gidajen, duk masu gangara ne, ba inda za a baza tabarma. Na duba tsakar gidaje, ba rumfa, ba shanya. Na ce, "Wai a ina suke shanya shi? Tun safe ban ga shanya ko ɗaya ba. Inna ta ba ni jaka."

Ya dube ni, ya dubi ƙasa. Ya ce, "Zo mu je."

Ya kai ni gidan masu gonar da yake wa aiki, wasu tsofaffi biyu, mata da miji. Ba mu shiga gidan ba. Ya buɗe wata ƙofa a gefe, muka sauka matakala zuwa ƙarƙashin ƙasa. Sanyi ya buge ni, sai kuma warin, wani tsami-tsami mai nauyi. Ya kunna fitila. Ganguna ne na katako, a kwance, a jere, har ƙarshen ɗakin. Ba sai an gaya min ba.

Ni ba sakarya ba ce. Na san Turawa suna shan giya, na kuma san da inabi ake yin wata. Amma wallahi ban taɓa haɗa wannan da gonar ƙanina ba. Inabi a wurinmu ɗan itacen Aljanna ne, abin da ake kai wa mara lafiya asibiti. Shekara da shekaru yana cewa gonar inabi, mu kuma muna jin abin da muke so mu ji.

Na haye sama ban jira shi ba. Da ya fito na sauke masa duk abin da ke bakina, da Hausa da Larabci, wanda ya fara zuwa. Na ce, "Haram alaik. Kai da aka haifa tafiyar awa ɗaya daga Ka'aba. Uwarka tana can tana yi wa mutane alfahari, ashe ganga kake cika wa mashaya. Ka bar ta tana ɗinka jaka da makahon ido." Ya tsaya ya sunkuyar da kai har na gaji. Ina da baki, kowa ya sani, kuma ranar ban rage komai ba.

Da na yi shiru ya ce, "Ban taɓa sha ba, Yaya. Ko ɗanɗanawa. Ba na shiga wurin matsa. Ni nawa itacen ne, in yi masa aski da sanyi, in ɗaure shi, in tsinka in ya nuna. Na san wannan ba zai wanke ni ba, na tambayi malamai, na san abin da suka ce." Ya goge fuskarsa da tafin hannu. "Na yi wankin kwano, na yi gadi, na yi dako. Nan ne wuri na farko da aka ce min in dawo gobe, aka kuma ce in dawo baɗi. A garin da aka haife ni ba wanda ya taɓa ce min haka."

Na ce, "To shi ya hana ka zuwa?"

Ya ce, "A waya ina iya cewa lokaci bai yi ba. In na zauna a gabanta ta dafa kaina ta ce, auta, ina zabibina, me zan ce? Ƙarya ba zan iya ba, gaskiya kuma ba zan iya ba."

Muka koma ɗakinsa, ɗaki ɗaya da kicin a saman wani tsohon rumbu. Na ga dardumarsa a shimfiɗe, goshinta ya suɗe, na ga hoton Baba a jikin bango. Ya bar min gadon, ya shimfiɗa bargo a ƙasa. Har muka yi sallar la'asar da magariba ban yi masa magana ba sai "miƙo min buta".

Da safe ƙararrawar coci ce ta cika ƙauyen. Ina zaune a bakin taga ina kallon tudun, raɓa tana tashi daga layukan, sai na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Tsohuwar gidan ce, 'yar gajera mai farin gashi, da kwando a hannu. Ashe ya gaya mata abin da na yi jiya a gona, ta yi ta dariya. Tana da itacen inabi guda a bakin kicinta wanda ba a yi masa feshi, shi ne ta tsinko min ganyen saman, masu taushi. Ta ce ya tambaye ni da gaske muna cin ganye? Na ce ya gaya mata su da suke zubar da shi su ne abin tambaya. Ban san yadda ya fassara ba, ta dai sake yin dariya, ta dafa kafaɗarsa ta faɗi wata magana. Na ce me ta ce. Ya ce, "Wai in ba don ni ba da sun daɗe da sayar da gonar."

Fushi bai hana ni girki ba, bai taɓa hana ni ba. Na tura shi kasuwar ƙauyen ya samo shinkafa da lemun tsami da tumatir, yana da naman rago na halal a firij. Na yi wa ganyen wanka da ruwan zafi, na zauna ina naɗi. Can sai ya jawo kujera ya zauna kusa da ni, ya ɗauki ganye. Naɗinsa har yanzu irin na da ne, ƙato, baki a buɗe. Na ƙwace na gyara, na ce, "Shekara da shekaru kana cikin ganye ba ka iya naɗe ɗaya ba." Daga nan muka shirya, ba tare da kowa ya ba kowa haƙuri ba.

Da ya nuna na juye a faranti, na barbaɗa yajin Inna. Ya ci na farko, ya ci na biyu, sai ya ajiye hannu ya juya fuskarsa wajen taga. Na bar shi. Can ya ce, "Har yanzu tana zama a bakin ƙofa bayan la'asar?" Na ce tana zama. "Mai dafa waken ful na kwanar gidanmu yana nan?" Na ce ya mutu, ɗansa ne yanzu, kuma bai iya ba. Ya yi ta tambaya, lungu-lungu, warin teku da asuba, kiran sallar masallacin bayan gidanmu da ladaninsa mai shaƙaƙƙiyar murya. Ya ce wani lokaci yana tsakiyar layi da almakashi a hannu sai ya ji kamar an kira salla, ya ɗaga kai, ba komai sai tsuntsaye. Na ji tausayinsa.

Sauran ganyen na jera su a kwalba na zuba ruwan gishiri. A hanyar tasha ya bi da ni ta wasu ƙauyuka biyu, amma ban ga komai ba, ina ta juya yadda zan yi. Da jirgi ya iso na ce, "Ba ni rana. Ta ce in taho mata da rana." Ya ce, "Bayan girbi." Na ce, "Wane girbin?" Sai kawai ya rungume ni.

Ranar da muka sauka Jidda, kafin in isa gida na ce wa mai tasi ya bi ta Bab Makka. Na shiga can ciki, shagon da na tabbata Inna ba ta hulɗa da shi, na sayi zabibi baƙi mai kyau na cika jakar, na ɗaure igiyar. Ina sane da abin da nake yi, kuma ban ji daɗinsa ba.

Inna tana zaune a bakin ƙofa. Bayan gaisuwa da tambayar hanya na ɗora mata jakar a cinya. Ta shafa ta, ta kwance, ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta sa a baki. Ta daɗe tana taunawa. Sai ta ce, "Na Yaman ne. Mutumin nan na bayan masu yadi, har yanzu yana yayyafa masa mai don ya yi ƙyalli." Ta ɗaure jakar ta ajiye a gefe. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi min sauƙi.

Na rasa abin yi, sai na ciro kwalbar na sa mata a hannu. Na ce, "Wannan kam daga can ne, Inna. Daga gidan da yake aiki." Ta buɗe, ta zaro ganye ɗaya, ta shimfiɗa shi a tafin hannunta tana bin jijiyoyinsa da yatsa. Ta ce, "Yana salla?" Na ce yana yi, na ga dardumar. "Yana cin abinci?" Na ce har ya yi ƙiba. "Mutanen suna ganin mutuncinsa?" Na ce ƙwarai. Ta gyaɗa kai. Ina jira ta tambayi abin da ya rage, ba ta tambaya ba. Ta ce, "Kira min shi."

Na kira, na sa mata wayar a kunne, ina jin muryarsa ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Auta, na ga saƙo, Allah Ya yi albarka. Ka ji, zabibin nan na daina sonsa. Haƙorana ba sa iya shi yanzu, maƙale min yake yi. Kada ka wahalar da kanka. In za ka zo ka zo hannu rabbana, ba abin da zan tambaye ka." Ta yi shiru tana saurare. Ni ban ji ya ce komai ba. Can ta ce, "To. To. Allah Ya kai mu."

Tun daga ranar ban sake jin ta ce wa kowa gonar inabi ba. In maƙwabta suka tambaya sai ta ce, "Yana can yana noma." Ni ma ban taɓa gaya mata abin da na gani a ƙarƙashin ƙasa ba, ita ma ba ta taɓa ba ni ƙofar faɗa ba.

Girbi biyu ya wuce tun lokacin. Na farko ya ce tsohon nan mai gonar ya kwanta ciwo, ba mai riƙe aikin. Na biyu ya ce ya fara duba tikiti. Ina so in yarda da shi, wani lokaci ina yarda. Idon Inna yanzu haske da duhu kawai yake rabewa, ko ya zo sai dai ta shafa fuskarsa.

Ganyen kuwa ta hana ni dafawa. Da na ce zai lalace a kwalba, ta sa na tsame shi na naɗe a leda na sa a firiza, can ƙasa, bayan nama. In muna son waraƙ inab sai in je Bab Makka in sayo na kwalba kamar kullum. Kunnenta bai tsufa ba. Duk lokacin da na buɗe firizar, daga bakin ƙofa take jin ƙarar, sai ta ɗaga murya ta ce, "Kada ki taɓa na ƙaninki."